Yadda Za Ka Kai Matarka Tsibiri Ba Tare Da Kun Bar Kuala Lumpur Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, ina ba ka tabbacin cewa kafin magaribar gobe kai da iyalinka kun je tsibirin Langkawi kun dawo. Kun ga teku, kun ga duwatsu, kun sha iska, alhali ba ku hau jirgi ba, ba ku tsallake shingen 'yan sanda ko ɗaya ba, kuma miyar da kuka bari a kan murhu ba ta gama hucewa ba.

Sunana Ƙasimu. Shekara goma sha ɗaya ina da ɗan ofis a unguwar Brickfields, a saman wani shagon Indiyawa masu sayar da yadi, inda nake yanka wa ɗaliban Najeriya tikiti, in nema musu otal, in kai su yawon buɗe ido. Da korona ta zo aka hana fita daga jiha zuwa jiha, sai na koma fannin da ya rage, wato tafiyar da ba a tafiya. Mutum ɗaya na taɓa gwada tsarin a kansa, sunansa Abdulgani, kuma da shi zan riƙa yi maka misali. Kada ƙarancin adadin ya dame ka. Inda aka samu matsala shi ne ya kauce wa tsari, kuma zan nuna maka wurin.

Mataki na 1: Ka yi alkawari, sannan ka adana shi

Ba kowane alkawari ne ya dace da wannan aiki ba. Ka nemi wanda ka yi wa mutumin da kake jin nauyinsa, a gaban shaidu, da bakinka.

Abdulgani ɗalibi ne mai digiri na uku, yana binciken ƙasar noma, yana zaune a hawa na goma sha huɗu na wani bene a unguwar Cheras. Da zai ɗauko matarsa Hannatu daga Gwarzo, mahaifinta Malam Maitama bai nemi komai a wurinsa ba sai abu ɗaya. Malam ya shekara talatin da biyar yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Ya zana tsibiri a kan allo ya fi a ƙirga, ya zane yaran da suka kasa bambance shi da mashigin teku, amma shi kansa ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne madatsar Tiga. Ya ce tunda Allah ya kai autarsa ƙasar tsibirai, a kai ta ɗaya ta tsaya a kai, a nuna masa ta waya. Abdulgani ya ce ai wannan ba wani abu ba ne.

Daga nan sai ka jira. Hannatu ta sauka a watan Fabrairun 2020, bayan 'yan makonni aka kulle ƙasar, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Amma a tsakiyar shekara an buɗe hanya, mutane suka yi ta tafiya, ni da kaina na kira Abdulgani sau uku ina ce masa otal ya yi araha. Ya ce bari ya gama babi na uku na kundin bincikensa. Bayan wata 'yar rufewa, wajen ƙarshen shekara aka sake buɗewa, ya ce bari malaminsa ya dawo masa da gyara. A watan Janairu aka rufe, rufewar da ba a sa mata ranar buɗewa ba. Ka lura da kyau, haka ƙwararru suke yi. Tsibiri ba ya gudu, don haka babu dalilin gaggawa.

Mataki na 2: Ka bar bakinka ya riga ka

Ƙarya mai inganci ba a zama a tsara ta. Fitowa take yi da kanta, kai dai ka tabbata bakinka a buɗe yake.

Malam Maitama yana da hawan jinin ido. Na hagu ya tafi tun da daɗewa, na dama kuma ya rage masa ɗan gani a tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. A watan Maris likita a Kano ya sa ranar aiki, wata Alhamis, ya kuma gaya wa iyali gaskiya cewa ba ya alkawarin abin da ya rage zai tsira. Ranar Asabar kafin nan Malam ya kira surukinsa. Ya tambayi karatu, ya tambayi ruwan sama, ya tambayi ko har yanzu ana sa takunkumi. Can wajen sallama, kamar abin da ya tuna a hanya, ya ce ko zancen tsibirin nan ya samu yiwuwa, domin yana so ya ɗan gani tun da sauran abin gani.

Kunya ta kama Abdulgani. Ya so ya ce an rufe hanya, amma ya san tambayar da za ta biyo baya, ko da Malam bai furta ta ba. Sai kawai ya ji muryarsa tana cewa, “Ai jibi ma za mu tafi, Baba. Kwana biyu za mu yi.”

Malam ya yi hamdala har sau uku. Abdulgani ya ajiye waya, ya zauna a bakin gado ya dafe kai, sannan ya kira ni. A nan ya yi daidai.

Mataki na 3: Ka shawo kan uwargida

Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin ita ce aka ce za ta tsaya a kan tsibirin. Kada ka fara da hujja. Ka fara da tapau, wato ka sayo abinci a ƙunshe daga shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan bene, ka jira ta ci.

Hannatu ta ci, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta taɓa yi wa mahaifinta ƙarya ba, ko a kan canjin cefane. Ta ce wata nawa tana goge jakar tafiya tana mayarwa ƙarƙashin gado. Ta faɗi wasu abubuwan kuma game da babi na uku waɗanda ba su da amfani ga mai karatu. Abdulgani bai kare kansa ba, domin babu abin karewa. Abin da ya ce kawai shi ne, ko dai Baba ya shiga ɗakin aiki ya ga teku, ko ya shiga bai gani ba, kuma zaɓi na uku ya wuce tun bara.

Ta yi kuka, ta tashi ta wanke kwanuka, ta daɗe tana wanke su fiye da yawansu. Da ta fito ta ce za ta yi, amma da sharaɗi biyu: ba za ta rantse ba, kuma idan mahaifinta ya tambaye ta kai tsaye ko da gaske ne, ba za ta amsa ba. Ka karɓi irin wannan sharaɗi da hannu biyu. Dattijon kirki ba ya tambayar 'yarsa ko ƙarya take yi.

Mataki na 4: Ka zaɓi ruwanka

Kuala Lumpur ba ta da teku, amma tana da tafkin Titiwangsa, kuma ruwa ruwa ne. Ka je da wuri, ka tsaya a auna zafin goshinka a ƙofa, ka zagaya har ka samu gefen da babu masu tseren keke. Abubuwa uku za su nemi tona maka asiri.

Na farko, tagwayen benayen nan da duk duniya ta san su. Daga bakin tafkin suna tsaye ƙiri-ƙiri kamar an aiko su shaida. Ka sa mai riƙe waya ya ba su baya, ka kuma gargaɗe shi kada ya juya ko da kunama ce ta harbe shi.

Na biyu, tafki yana da tsallake, teku kuwa ba shi da shi. Idan aka tambaye ka bishiyoyin da ake hangowa a can, ka ce wani tsibirin ne. Ana cewa Langkawi tsibirai casa'in da tara ne, ba wanda zai ce ka lissafo masa su.

Na uku, yashi da ƙara. Yashi ka saye shi a shagon kayan gini, buhu biyu, ka shimfiɗa leda a kan ciyawa ka baza shi daidai wurin tsayuwar mutum biyu. Idan mai gadi ya zo, ka ce binciken jami'a ne. Abdulgani ya nuna katinsa na ɗalibin ƙasar noma, mai gadin ya duba katin, ya duba yashin, ya ce boleh, wato ba laifi, ya wuce. Ƙarar igiyar ruwa kuwa ka sauke ta a waya tun daga gida, ka haɗa da 'yar lasifika ka ɓoye a jaka. Na ce ka sauke, ban ce ka kunna kai tsaye daga intanet ba. Ranar gwaji muna tsakiyar teku wata mata ta shigo tana tallar tukunyar dafa shinkafa.

Mataki na 5: Ka aika da wuraren tarihi tun kafin a nema

Mai zuwa Langkawi ba ya dawowa sai ya ga abu uku: ƙaton mutum-mutumin mikiya da ke bakin ruwa, motar igiya mai hawa dutse, da gadar da aka rataye a sama tsakanin tsaunuka. Ba za ka iya gina waɗannan a Titiwangsa ba, na duba. Don haka ka gama da su da hoto a rana ta farko.

Ina da hotunan tsofaffin abokan cinikina sun fi dubu. Muka rataya farin zanen gado a falon Abdulgani, ya tsaya da matarsa a gaba, na ɗauka, na yanko su na liƙa a gaban mikiya. A hoton gada an bar hannun wani ɗan Zariya a kafaɗar Abdulgani, yatsu huɗu ba gangar jiki. Ya nuna mini, na ce ya bari, ai wanda za a aika wa ba zai gani ba. Gaskiya na faɗa, kuma ita ce ginshiƙin tsarin gaba ɗaya, amma Abdulgani ya fita baranda, ya fi minti goma bai dawo ba. Kai kada ka fita baranda. Babu abin da ke can sai tunani.

Ka haddace bayanai kaɗan. Motar igiya tana lilo idan iska ta kaɗa, kunne yana toshewa a sama, birai suna ƙwace leda a hannun mutum. Ranar Litinin da yamma aka aika hotuna tare da saƙon murya, Hannatu tana bayanin birai da muryar mai karanta sanarwar rasuwa. Mahaifiyarta Hajjo ta maido da amsa cewa Malam ya sa an ƙara masa girman hoton mikiya har ya cika wayar, ya manna shi a idonsa ya daɗe, ya ce fukafukan sun fi yadda ya zata.

Mataki na 6: Ranar bidiyo, ka rage magana

Talata ce ranar. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka ƙarfe huɗu na yamma a nan hantsi ne a Gwarzo. Na jingine wayar a kan sandar ɗaukar hoto, na kunna teku, na koma gefe inda ba za a gan ni ba.

Hajjo ce ta riƙe wa Malam waya. Fuskarsa ta cika allon, ido ɗaya da rabin hula, domin sai ya matso sosai yake gani. Ya sa sabuwar riga, wannan ma an gani daga wuyanta. Ya ce Auta ta matsa baya ya gan ta gaba ɗaya. Ta matsa har iyakar yashin, taku ɗaya da rabi. Ya daɗe yana kallo, ya ce masha Allah.

Daga nan tambayoyi suka fara, kuma a nan za ka gane illar surukin da ya koyar da labarin ƙasa. Ya tambayi ko ruwan yana cikowa ne ko yana janyewa. Abdulgani ya ce yana tsakani. Ya tambayi dalilin da ya sa yake jin igiyar ruwa amma ba ya ganin ta. Abdulgani ya ce suna cikin lungu ne, igiyar tana ta bayan dutse. Malam ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya faɗi sunan irin wannan lungu da Turanci, ya ce ya sha zana shi. Ya ce Auta ta ɗebo ruwan ta ɗanɗana ta gaya masa gishirin. Hannatu ta durƙusa, ta tsoma yatsa a tafkin Titiwangsa, ta ɗaga takunkumi ta kai kusa da leɓe. Ta yamutsa fuska kawai, kuma ba wasan kwaikwayo take yi ba. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce haka littafi ya ce.

Zuwa nan an ci nasara. Dattijo ya ga teku, yarinya ba ta rantse ba, yashi bai zube ba. Abin da ya rage shi ne ka ce caji ya kusa ƙarewa, ka yi sallama, ka naɗe ledarka. Na ɗaga hannu na yi wa Abdulgani alama sau biyu. Ya gan ni sarai, amma Malam yana cikin ba da labarin wani ɗalibinsa da ya taɓa rubuta cewa Sakkwato tsibiri ce, kuma Abdulgani ya kasa katse shi, domin rabon da a ji Malam yana dariya haka tun kafin idon hagu ya tafi.

Mataki na 7: Ka duba jadawalin sallah kafin ka sa lokaci

Wannan matakin ban da shi a tsarin farko. Na ƙara shi daga baya.

Ƙarfe huɗu da rabi kiran sallar la'asar ya taso daga wani masallaci a bayan bishiyoyi. Malam ya saurara har aka gama. Sannan ya ce kada su kashe wayar, su yi sallarsu a nan bakin ruwa, shi zai zauna yana sauraron teku. Ya ce ai su matafiya ne, raka'a biyu ce, ba za ta ɗauki lokaci ba. Sai muryarsa ta sauka.

“Idan kun idar ku yi mini addu'a a kan aikin jibi. Addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa. Tun da kuka ce za ku tafi nake jiran wannan, ban dai faɗa ba ne.”

Babu wanda ya motsa. Teku yana ta aikinsa a cikin jaka.

Ga lissafin da ke gabanka a irin wannan hali. Ana yin ƙasaru ne idan tafiya ta kai mil arba'in da takwas. Daga Cheras zuwa Titiwangsa, ko ka bi ta doguwar hanya ka ɓata sau biyu, ba ka yi mil goma sha biyar ba. Idan ka sallame a raka'a biyu, surukinka ya gamsu, amma ba ka yi la'asar ba, kuma ka san Wanda ka yi wa wasan. Idan ka miƙe ta uku, liman dole ya ɗaga murya da kabbara, kuma mutumin da idonsa ya raunana kunnensa ba ya barin komai ya wuce.

Shawarata a matsayin ƙwararre ita ce ka yi tari daidai wurin, ko ka bari ƙafarka ta ture sandar wayar. Ban samu damar ba da ita ba. Muna da alwala, Abdulgani ya shimfiɗa darduma a kan ciyawa ya duba alƙibla, na lallaɓo na tsaya a damansa ba tare da na shiga hoto ba, Hannatu ta tsaya a baya. Ya tayar da sallah.

Daga baya ya gaya mini cewa a raka'a ta farko ya yanke shawarar zai sallame a biyu, ya rama a gida, ya yi istigfari. A ta biyu ya ƙara tabbatar wa kansa da hakan. Da ya zauna tahiya sai ya tuna cewa bayan sallama zai ɗaga hannu ya roƙa wa dattijon nan ido, kuma dattijon zai ce amin da zuciya ɗaya, ya shiga ɗakin aiki yana dogaro da addu'ar matafiyin da ya zo daga Cheras a motar Ƙasimu. Ya ce tahiyar ta ƙare, ya nemi ƙarin abin karantawa ya rasa. Zaman ya yi tsawo har na saci kallonsa.

Ya ce Allahu akbar, ya miƙe. Bai ma rage murya ba.

Mataki na 8: Ka yi amfani da ƙofofin da aka bar maka

Ko a nan ba a rasa mafita ba, kuma ina so ka rubuta su. Kana iya cewa mantuwa ce, ka yi sujada biyu bayan sallama. Kana iya cewa kun canja niyya za ku kwana huɗu, wanda hakan ya mai da ku mazauna. Kana iya cewa wani ɗan gari ne ya ja sallar. Kowace ɗaya ta isa.

Muka sallame. Malam ya bari muka gama tasbihi, sannan ya ce, “Malam Abdulgani, huɗu na ji.”

“Huɗu ce, Baba.”

“Mantuwa ce?”

Ka ga dattijon arziki, da hannunsa ya buɗe ƙofar ya riƙe. Abdulgani ya matsa gaban wayar a kan gwiwoyinsa, ya cire takunkumi, ya ce ba mantuwa ba ce. Ya ce su ba matafiya ba ne, suna cikin Kuala Lumpur, wannan tafki ne, yashin na gini ne, hotunan jiya haɗi ne. Ya ce an buɗe hanya bara har sau biyu shi ne bai kai ta ba, kuma Hannatu ba ta so ba, shi ya sa ta. Bai bar komai ba, har da hannun ɗan Zariya. Ban taɓa ganin mutum ya rushe aikin kwana uku cikin minti ɗaya da irin wannan natsuwa ba.

Idon da ke allon ya ja baya, muka ga fuskar gaba ɗaya da sabuwar rigar. Hannatu tana kuka ba sauti. Can Malam ya ce, “Tafki ba ya wannan ƙara. Wanda ke riƙe da tekun nan ya kashe shi.”

Na kashe. Sai aka ji ƙararrawar keke da wani yaro yana kiran uwarsa da Malayanci.

Malam bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce shi dai ya ɗauka ya gani. Ya maimaita, a hankali, kamar da kansa yake magana. Sannan ya ce su yi addu'ar duk da haka, ta mazauna ma ana ji. Abdulgani ya ɗaga hannu, amma Hannatu ce ta yi, mu muka ce amin. Hajjo ta kashe wayar ba sallama. Muka kwashe yashin muka mayar buhu, domin mai gadi yana kallo.

Mataki na 9: Idan an buɗe hanya, ka san abin da za ka tarar

An yi aiki ranar Alhamis. Ciwon ya lafa, ganin bai dawo ba, kuma kafin babbar sallah ɗan abin da ya rage ya rufe. Hannatu ta yi kwana tara ba ta ce wa mijinta komai ba sai abinci yana kan tebur. Malam ya ci gaba da amsa gaisuwar surukinsa, yana tambayar karatu da ruwan sama, bai ƙara ambatar tsibiri ba.

A tsakiyar Satumba aka buɗe Langkawi ga waɗanda suka yi rigakafi. Abdulgani ya zo ofishina tun ban gama ɗaga ƙofa ba. Na yanka musu tikiti na gaske, abin da na kusa manta yadda ake yi. Ban bi su ba, abin da ya faru shi ya ba ni labari.

Suka tsaya a bakin ruwa da la'asar, yashi har inda ido ya ƙare, suka kira Gwarzo. Hajjo ta ɗaga wayar gaban fuskar Malam yadda ta saba, ya laluba ya kama hannunta ya kai wayar kunnensa. Ya tambayi raka'a nawa suka yi. Abdulgani ya ce biyu. Malam ya ce to, a kai wayar kusa da ruwa. Abdulgani ya shiga har gwiwa da wandonsa ya miƙa hannu, ya tsaya haka har hannun ya gaji.

“Na wancan mutumin ya fi wannan ƙara,” in ji Malam.

Na karɓi wannan a matsayin yabo ga sana'ata. Daga nan ya ce Auta ta faɗa masa abin da take gani, daga hagu zuwa dama, a hankali, kada ta tsallake komai. Ta fara da wani jirgin kamun kifi mai shuɗin fenti. Tana yi yana gyara mata sunayen abubuwa, har rana ta faɗi. Kafin a ajiye waya Hajjo ta karɓa ta gaya wa Hannatu abin da Malam ba zai faɗa ba. Ta ce ranar Talatar nan ce rana ta ƙarshe da ya ga fuskar Auta sosai, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa cewa ya ga Auta, ta yi ƙiba, tana tsaye a bakin ruwa. Ba ya cewa wane ruwa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da ita, ko a gida, ko a wurin surukai, ko a ranar hisabi. Ba ruwansa da yashin da ya shiga mota, ko matar da ta daina magana, ko limamin da ya miƙe a inda aka shirya zai zauna. Hukuncin sallah a tambayi malamai, hukuncin shiga wurin shaƙatawa da buhu a tambayi mai gadi. Aikina ya tsaya a nuna maka inda za ka kafa waya da inda za ka ba baya. Wanda ke ɗaya gefen, da abin da zai gani, da ko daga shi ba zai ƙara ganin wani ba, wannan ba ya cikin tsarin, kuma ba ni na ce ka kira shi ba.